Bayanin Ɗaurin Tamfol Da Yadi A Jikin Dirka Da Gora



Farashin masara da shinkafa yana cikin jeri kamar kullum. A wannan shafi muna so mu yi magana a kan abin da yake tsare kayan kafin a sayar da su, watau rufi, da yadda ake ɗaure shi. Kowa ya san ƙasarmu ta kudancin Kano ta riga birni samun ruwa, ta kuma fi shi yawansa, balle can wajen Doguwa da Riruwai da dajin Falgore. Hadarin farkon damina kuwa ba ya sallama. Daga gabas yake tasowa, iska da ƙura a gaba, ruwa a baya. In ka zaga kasuwa bayan ya wuce sai ka ga tamfol a yage, dirka a karye, gishiri da sukari sun narke, atamfa ta sha jar ƙasa, shinkafar da aka shanya ta jiƙe. In kuwa ka duba da kyau, galibi tamfol ɗin da sauran ƙarfinsa, itacen ma lafiya lau. Wurin da aka haɗa su ne ya ci amana.

Ɗauri nagari yana da sharaɗi uku. Ya riƙe, kada ya ci yadin, kuma ya kwantu da sauri. Na ukun nan shi mutane suka fi mantawa, alhali ɗan kasuwar ƙauye mai yawo ne, yau yana Kwanar Ɗangora, gobe wata kasuwar, jibi wata. Rufin da ba ya kwantuwa sai da wuƙa, duk ranar kasuwa ana rage masa kwana.

Fasali na ɗaya: abin da yake cin yadi

Yadi zare ne da zare, na tsaye da na kwance, ƙarfinsa kuwa a taro yake. In aka ja shi ta baki guda gaba ɗaya, kowane zare ya ɗauki rabonsa, ba abin da zai same shi. In aka tara jan a wuri ɗaya, kamar kan ƙusa, zare biyar ko shida ne za su ɗauki nauyin da ya kamata dubu su raba. Sai su tsinke, nauyin ya koma kan maƙwabtansu, su ma su tsinke. Haka yagewa take tafiya. Mai sayar da yadi ya san wannan sarai: ya ɗan tsaga baki da almakashi, ya ja, yadi ya rabu har ƙarshe. To, ƙusar da ka buga a tamfol ita ce almakashin nan, iska ce mai ja. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

Iska kuma lissafinta ba irin na kasuwa ba ne. In gudunta ya ninka biyu, bugun da take yi wa tamfol ninki huɗu yake yi. In ya ninka uku, bugun ya zama tara. Shi ya sa rumfar da ta yi wata shida tana shan iskar hunturu ba ta motsa ba, hadari guda ya ɗauke ta. Tamfol mai sako-sako ya fi shiga haɗari, domin iska tana ɗaga shi tana sakinsa, kowace fizga kamar bugun guduma ce a kan maɗauri.

Sa'an nan ga ruwa. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Tamfol mai mita 4 a faɗi, mita 5 a tsawo, in ruwa ya kwanta a kansa zurfin santimita ɗaya tak, lita 200 ke nan, duro guda cur, nauyin buhu biyu na masara mai kilo 100. Ruwan kuwa ba ya kwanciya daidai, tsakiya yake taruwa, ya yi tumbi, tumbin ya ƙara jawo wani. Don haka rumfa ba ta kwanciya shimfiɗe kamar tabarma. Gefe ɗaya ya fi ɗaya tsawo, ko a sa gora a tsakiya ta yi doro.

Abu na ƙarshe a wannan fasali shi ne naɗi. Yaro ba ya iya riƙe bijimi da igiya a miƙe, amma in ya zagaya igiyar a jikin bishiya sau biyu ko uku, da hannu ɗaya zai tsayar da shi. Dalili, kowane zagaye ninka riƙon yake yi. Misali, in zagaye ɗaya ya ninka ƙarfin hannunka sau 5, biyu za su ninka shi sau 25, uku sau 125. Yadi ma haka yake a jikin sanda. Duk dabarun da za mu kawo a ƙasa, kan abu biyun nan suke tsaye, raba nauyi da naɗi.

Fasali na biyu: darasi daga masaƙa

Tun kafin a san tamfol a ƙasar nan masaƙa suka warware wannan matsala. Kudancin Kano ƙasar saƙa da rini ce, Kura da Bunkure da Rano da ƙauyukansu, inda ake yin turkuɗi mai sawun da faɗinsa bai kai inci ɗaya ba, ana kai wa Buzaye har Agadas. Baturen nan Barth da ya sauka Kano a 1851 ya rubuta cewa tufafin Kano suna kaiwa har Tarabulus da Tambutu.

Ku dubi masaƙar maza. Bayan an yi wadari, masaƙi yakan ɗaure ƙarshen zaren can nesa a jikin kunkuru, watau majanyin nan da ake ɗora wa dutse. Ɗaya ƙarshen ya bi ta allera da masefi, ya zo ga takala, sandar da take gaban cikinsa. Ba ya buga ƙusa, ba ya sa danƙo. Bakin saƙar yake kamawa a jikin takala, ya murza ta, sawu ya hau kan sawu, na sama ya danne na ƙasa. Da ya yi zagaye biyu ko uku saƙar ta riƙe kanta. Domin kada takala ta warware, akwai huda a gefenta, ya zura tsinke ya tokare. In ya saƙa gwargwadon inda hannunsa yake kaiwa, ya zare tsinken, ya murza, kunkuru ya matso, ya mayar da tsinke. In aiki ya ƙare ya sauke abinsa, babu huda ko ɗaya a jiki.

Ku lura da kunkuru kuma. Ba a kafe yake ba. In jan ya yi yawa sai ya biyo, zare ya tsira. Da turke masaƙi ya ɗaure wa zarensa, da kullum yana cikin ƙulli. Wannan shi ne asalin hikimar sa roba a igiyar rumfa, za mu zo kanta.

Masaƙar mata ta tsaye, wadda ake bugawa da akwasa, ita kuma zarenta zagaye yake da sanduna biyu, ta sama da ta ƙasa. Igiya ce take ɗame su. In an gama, a sassauta igiyar, sanda ta saki, a sauke saƙa. Ɗamewa da saki duk a igiya suke, yadi ba ruwansa.

Fasali na uku: ɗaurin rumfa

Hanya ta farko, wadda muka fi yabawa, ita ce ƙubaka. Irin ta wando dai, sai dai a maimakon zariya gora ce za ta shiga. Ka kai wa tela ko mai ɗinkin buhu tamfol ɗinka, ya kalmashe baki ya yi ɗinki layi biyu, ya bar faɗin da gora za ta wuce ba tare da matsi ba. Ka zura gora, ka ɗora ta a bakin dirka, ka ɗaure gorar, ba tamfol ba. Nan kowane zare ya sami rabonsa. In kasuwa ta tashi ka kwance igiya biyu ko uku, ka naɗe tamfol a jikin gorarsa, ka ɗauka. A kankare gaɓoɓin gorar tukuna, domin tsini ɗaya ya isa ya huda ƙubaka daga ciki. Masu rumfar buhu, waɗanda suke farke buhunan taki ko na shinkafa su haɗa, wannan hanya ta fi dacewa da su, don buhu ba ya jure huda ko kaɗan, zarensa zamewa yake yi.

Ta biyu, zobba. Tamfol na kanti yakan zo da zoben ƙarfe a bakinsa, jere. Kuskuren mutane shi ne su ɗaure kusurwa huɗu su bar sauran. Kowane zobe an sa shi ne domin ya yi aiki. Ka ɗauki igiya ɗaya doguwa, ka bi zobe, ka zagaya gora, ka bi na gaba, ka zagaya, kamar mai ɗinki, har ƙarshe. Igiyar za ta riƙa zamewa tana daidaita nauyi tsakanin zobban da kanta. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Aibin wannan hanya ɗaya ne, in igiyar ta tsinke a wuri guda duk baki ya saki, don haka a ba kowace kusurwa tata igiyar daban.

Ta uku, tsakuwa. In zobe ya fita, ko tamfol ɗin ba shi da shi tun asali, kada ka huda. Nemi dutse mai santsi kamar girman ƙwallon goruba, ko ƙwallon gorubar kansa, ka sa ta ƙarƙashi, ka tattaro tamfol a kansa ya yi kamar ƙullin goro a bakin zane, ka zarga igiya a wuyan. Duk jan da aka yi ƙara shaƙewa yake, dutsen kuwa ba ya bari ta zame. In ka kwance, tamfol ya koma yadda yake. Wannan dabara ba ta cin ko kwabo, kuma sau da yawa ta fi zoben arha ƙarfi.

Ta huɗu, naɗi da matsi. Ka shimfiɗa bakin tamfol, ka ɗora siririyar sanda, ka naɗe sau uku, sa'an nan ka haɗa ta da gora ka ɗaure su tare a wurare da dama. Takalar masaƙi ke nan aka kawo kasuwa. Wanda rumfarsa ta katako ce, ba ya tashi da ita, in lalle sai ya buga ƙusa, to ya naɗe bakin a jikin siririn katako tukuna, ya buga ta cikin katakon. Katako ne zai riƙe, ba kan ƙusa ba.

Sai maganar roba. Tsohon tub na mota ko na babur, a yanka shi zobe-zobe ko tsiri-tsiri, a sa tsakanin igiya da turke. In iska ta fizga, roba ta miƙe ta sha bugun, ta komo. Ita ce kunkurun rumfa. Rana tana cinta, don haka a duba, in ta fara tsattsagewa a sake wata.

Igiya ma iri-iri ce. Ta rama da ta kaba, in sun sha ruwa ɗamewa suke yi, haka tamfol na auduga, shi ma yana tsukewa. Wanda ya ɗame su tamau da rana, in ruwa ya sauka sai su tumɓuke turke ko su fizge zobe. A bar musu ɗan sarari. Igiyar leda ba ta tsukewa, amma santsi gare ta, ƙulli yana zamewa, rana kuma tana mai da ita gari. Waya kuwa a bar ta ga masu shinge. Tana yanka yadi, tana tsatsa, ba ta kwantuwa sai da filaya.

Ƙulli na ƙarshe kullum ya zama mai kunne, wanda in an ja bakin igiya sai ya warware. A zagaya dirka sau biyu tukuna, naɗin ya ɗauki nauyi, ƙulli ya zama mai gadi kawai. In ka ga gabas ta yi baƙi ƙirin, iska ta fi ƙarfin rumfarka, dabara ita ce ka sauke tamfol ka lulluɓe kaya da shi a ƙasa, ka danne baki. Mai ƙulli mai kunne ya gama kafin ɗigon farko, mai ƙusa yana nan yana neman guduma. Haka in wuta ta tashi, Allah ya kiyaye. Rumfunan leda da suka haɗa baki hanya ce ga wuta, wanda ya iya sauke tasa nan da nan ya yanke mata hanya. Gobarar kasuwar Sabon Gari ta Kano a 2016 ta isa ta tuna mana yadda wuta take gudu a kasuwa.

Turke a kafa shi a karkace, kansa yana kallon nesa da rumfa. Ɓangaren gabas a ƙara igiya, a kuma sa gefen rumfa mai ƙasa ya fuskanci can, domin iska ta hau ta wuce, kada ta shiga ƙarƙashi ta ɗaga.

Fasali na huɗu: rufin mota

Motar da ta ɗauko shinkafa daga Tudun Wada, ko masara daga Doguwa, ta fito Kwanar Ɗangora ta kama hanyar Kano zuwa Dawanau, ko ta juya Zariya, ita kullum cikin hadari take ko da rani ne, domin gudunta shi ne iskarta. Bakin gaba shi ne abin kula. In iska ta sami ƙofa nan, tamfol ya kumbura, sauran ɗaurin duk banza. A cusa bakin gaba ƙarƙashin buhunan farko, ko a naɗe shi a jikin ƙarfen bodi. In tamfol biyu ne, a fara shimfiɗa na baya, na gaba ya hau kansa, don iska da ruwa su bi ta sama. A sa tsumma ko kwali a kan kowace kusurwa mai kaifi.

Yaran mota suna da ɗaurinsu mai kyau. Su yi kunne a tsakiyar igiya, su kai baki ga ƙugiyar bodi, su komo da shi ta cikin kunnen, su ja ƙasa. Igiyar ta zama kamar kura, jan mutum ɗaya ya kusa na biyu. Akwai kuma ɗamarar nan mai haƙoran ƙarfe da hannu, wadda ake ɗamewa ƙas-ƙas-ƙas. In kun buɗe idonku za ku ga 'yar takala ce a ciki: ɗamara tana naɗewa a jikin sanda mai tsaga, harshen ƙarfe yana tokare haƙori kada ta koma. Ƙarfinta ya yi wa zoben tamfol yawa, a ratsa ta bisa kaya, kada a maƙala ta a zobe. Bayan an ɗan yi tafiya a tsaya a sake ɗamewa, don buhu yana zama.

Fasali na biyar: abin da ake naɗewa a saki

Asabarin ƙofa kowa ya san shi. Igiya biyu ce take zagayo shi ta ƙasa, ka ja ya naɗe, ka saki ya sauka. Mai rumfar yadi ko mai kayan koli yana iya yin irinsa da tamfol a gefen da rana take bugowa: ƙubaka sama, ƙubaka ƙasa, gora a kowace. Ta ƙasa ita ce nauyi, ita ce kuma abin naɗi. Rana tana kashe launin atamfa da shadda, turmin da ya koɗe a layin ninki kuwa sai an karya kuɗinsa.

Wanda yake naɗe yadi a jikin sanda ko bututun kwali, kada ya kama baki da fil ko ƙusa, tsatsa ba ta fita. Ya kama da hannu ya yi zagaye biyu, ya riƙe kansa. Ya naɗa a miƙe, in ya karkace tun farko zaren zai goce, tela ya yi ta faɗa da kai. Tamfol kuma kada a naɗe shi da danshi, na auduga ruɓewa yake yi.

Fasali na shida: na ƙasashen waje

Manyan tantuna na ƙarfe da ake kafawa wurin taro, da tirelolin nan masu labule a gefe, wata dabara suke bi. Ana ɗinke igiya a cikin bakin yadin ta yi kauri, a jikin ƙarfen kuma akwai kwarmi mai tsagaggen baki. A zura bakin yadin ta ƙarshen kwarmin, ya bi ya tafi. Yadi yana wucewa ta tsagar, igiya ba ta wucewa. Daga masu jiragen ruwa na iska aka gaje ta. Ƙubaka ce aka juya, maimakon sanda ta shiga yadi, yadi ne ya shiga sanda. Ƙasa da yashi su ne maganinta, in kwarmin ya cika ba ta zuruwa.

Labulen taga mai naɗe kansa, wani Ba'amurke mai suna Stewart Hartshorn ya yi rajistar irinsa a 1864. Sifirin ne a cikin sandar, da ɗan harshe mai tokarewa. Maɗaurin nan kuma na takalmin yara da jaka, mai ƙara in an ɓamɓare, wanda ake kira Velcro, wani injiniya ɗan ƙasar Suwizalan, George de Mestral, ya samo shi a 1941 daga wata ƙaya da ta maƙale masa a tufafi da gashin karensa, ya sami rajista a 1955. Ƙarangiyarmu ke nan aka yi da roba. Yana da kyau ga labule da gidan sauro, amma ƙura da ƙaiƙayi suna toshe shi, kada a ba shi amanar rumfa.

Fasali na bakwai: in za ka saya

Kada ka tsaya ga launi. Ɗaga tamfol ka ji nauyinsa. Wasu ana rubuta lamba a jikin ledarsu, nauyin giram ne a kowace murabba'in mita, mai lamba babba ya fi kauri. Ɗaga shi ga rana, in haske yana ratsowa tsakanin zare, na shanya ne, ba na rufi ba. Taɓa baki ka ji ko akwai igiya a cikin kalmasa. Dubi kusurwa ko an ninka ta. Murza zobe, in yana juyawa a wurinsa ba zai daɗe ba. Auna da kanka, domin awon da ake rubutawa sau da yawa na kafin a kalmashe ne.

Ka kuma yi lissafi irin na ɗan kasuwa. Tamfol na damina ɗaya da na damina uku, ko na biyun ya ninka na farko a kuɗi, shi ne mai arha. Kuɗin tela da igiya da tsohon tub gaba ɗaya ba su kai asarar buhun sukari guda ba. Wanda bai gyara ɗaurinsa ba tukuna, ya yi kafin kasuwa mai zuwa, ya kuma leƙa na maƙwabcinsa, don rumfar da ta tashi ba ta faɗawa kan mai ita kaɗai.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kawo kasuwa, ya tsare dukiya. Haza wassalam.